Amsa ga Mushe: pano nawa, batiri nawa, kuma nawa abin zai ci?

Assalamu alaikum Mushe, barka da aiki, ya iyali, ya zafin gari. Na karanta tambayarka har sau biyu. Ka ce gidanka nan Tawa akwai ampul 8, fanka 4, tele da dekodar, sai kongelatar ɗaya da uwargida ke yin ƙanƙara da zoɓo tana saidawa, kuma kana da niyyar sa kilim, na'urar sanyaya iska, a ɗaki ɗaya in Allah ya hore. Wani mai shago ya ce maka panon solar 2 na wat 300 da batiri 2 na 200Ah da ondilar ɗaya, mai juya wutar batiri ta koma irin ta gida, sun isa su riƙe gidan dare da rana, shi ne kake son sanin ko gaskiya ne, in kuma ba haka ba ne mi za ka saya kuma nawa za ka tanada.

Ba za su isa ba Mushe, ko kusa. Amma ba na son ka tsaya ga maganata kaɗai, kai malami ne, lissafin nan bai kai wanda kake koya wa yara wuya ba, ɗauko biro da takarda mu yi shi tare, gobe ko wa ya kawo maka debi, takardar kaya da farashinsu, kai da kanka za ka gane inda ya karkace.

Kusan duk wanda ya zo wurina da "pano nawa" yake farawa, ni kuma nakan ce masa bar maganar pano tukuna, gaya mini mi kake kunnawa daga magariba zuwa hantsi. Don rana ba ita ce matsalarmu ba a ƙasar nan. Allah ya ba mu ita har ta yi yawa, tun cikin shekarun 1960 marigayi Farfesa Abdou Moumouni Dioffo ke aiki kanta a ONERSOL, ofishin binciken makamashin rana, can Yamai, ga tashar Malbaza mai megawat 7 da anka buɗe a 2018 nan cikin jiharmu, ga ta Gorou Banda mai megawat 30 da ta fara aiki a 2023. Waɗannan da rana suke zuba wuta cikin layin NIGELEC, kamfanin wutar Nijar. Kai kuwa abin da ke hana ka barci dare ne, daren Afrilu da Mayu, lokacin da bango ke mayar da zafin da ya sha tun safe, yara na kuka, kuran ya tafi. Wutar da za ka sha da dare sai an ajiye ta, ajiyar kuma ita ce batiri, kuma batiri shi ne abu mafi tsada kuma mafi saurin mutuwa cikin kayan gaba ɗaya. In ka riƙe wannan sauran duk mai sauƙi ne.

To lissafi. Kowane abu na wuta akwai ƴar takarda manne a bayansa ko ƙarƙashinsa da anka rubuta wat ɗinsa. Wat sau awa nawa yake aiki, shi ke ba ka Wh, Wh dubu kuma shi ne kWh ɗaya, wanda kake gani kan faktir. Tunda ban ga kayanka da idona ba zan sa abin da aka saba gani, kai sai ka gyara da naka. Ampul LED wat 10 guda 8 awa 6, Wh 480 ke nan. Tele da dekodar wat 80 awa 5, Wh 400. Cajin tarho da ordinatar ɗinka ta shirya darasi mu sa Wh 200. Kongelatar wat 150, motarta ba ta aiki awa 24, tana tsayawa tana tashi, amma a zafin bazara kuma ana zuba mata ruwa sabo kullum don ƙanƙara, ka sa mata awa 14, Wh 2100. Sai fanka. Fankar sama ta gargajiya tana jan wat 70 haka, guda 4 wat 280 ke nan, awa 10 da dare Wh 2800, awa 5 da rana Wh 1400, jimla 4200. Ka duba da kyau, fankar da kowa ke rainawa ita kaɗai ta cinye fiye da rabin wutar gidan, ta ninka kongelatar sau biyu. In ka haɗa duka za ka samu Wh 7380, mu ce kWh 7.4 a wuni.

Kuma da gangan na yi lissafin da bazara. Farkon fara aikina na taɓa yi wa wani bawan Allah lissafi cikin watan Janairu, lokacin ɗari, na tambaye shi fanka awa nawa ya ce kusan ba sa kunnawa, na rubuta kaɗan. Aiki ya yi kyau wata biyu, Maris na ƙarewa ya fara kirana kullum da asuba. Laifina ne ba nasa ba, sai da na koma na ƙara masa kaya ban karɓi kuɗin aiki ba. Tun ranar duk gidan da na shiga, ko cikin hunturu ne, da watan Afrilu nake auna shi.

Yanzu cire na dare daban. Ampul 480, tele 400, caji mu ce 100, fanka 2800, kongelatar kamar 1000, ya tashi Wh 4780. Ondilar, wadda ƴan Nijeriya ke ce wa inbata, tana cin nata kason wajen juya wutar batiri zuwa bolt 220, kamar kashi 10 cikin 100, kuma ko ba ka kunna komi ba ita kanta tana jan wat 30 zuwa 50 muddin tana kunne, mutane da yawa ba su san da wannan ba. Ke nan batirinka sai ya fidda kusan kWh 5.8 kowane dare.

To mi mai shago ya ba ka? Batiri mai bolt 12 da 200Ah, 12 sau 200, Wh 2400 ne a cikinsa in na gaskiya ne. Biyu 4800. Sai dai batirin dalma, ko jel ne ko na ruwa, ba a shanye shi har ƙasa, rabi ake ɗiba a bar rabi, in kana tatse shi kullum ba zai ga shekara ba. Ke nan abin da kake da shi na gaskiya Wh 2400 ne, gidanka kuma na neman 5800. Wajen sha biyun dare ondilar za ta fara kuka ta kashe kanta, ko kuma in ba a daidaita ta ba ta ci gaba da tatsar batirin har ya lalace cikin ƴan watanni, sai a ce maka ai solar ba ta da kyau.

Pano kuma ga yadda yake. Wat ɗin da anka rubuta a bayansa a ɗakin gwaji anka auna shi, da zafin digiri 25. Kan rufin Tawa tsakar rana a bazara fuskar pano tana kai digiri 65 har fiye, kuma kowane digiri ɗaya sama da 25 yana rage masa kamar kashi 0.35 zuwa 0.4 cikin 100, ka ga kashi 15 ya tafi tun ba a je ko'ina ba. Ƙura ta ci nata, waya ta ci nata, regilatar, mai daidaita cajin batiri, da batirin su ci nasu. Shi ya sa ni kashi 70 kaɗai nake ƙirgawa. Awannin rana mai ƙarfi kuma, a Nijar muna tsakanin 5 da 7 gwargwadon wuri da wata, ni 5.5 nake sawa saboda gajimaren Agusta da hazon hunturu. Pano 2 na wat 300, wato wat 600 sau 5.5 sau 0.7, Wh 2310. Ko kashi ɗaya cikin uku na buƙatarka bai kai ba, kongelatar uwargida kaɗai za ta shanye shi, batirin ba zai taɓa cika ba, kuma batirin dalma da ke kwana ba a cike ba shi ne farin gishiri ke kama farantansa ya kashe shi.

Ga wata ƴar dabara ka riƙe a ka: pano ɗaya na wat 550, irin manyan nan da sunka cika kasuwa yanzu, ka ɗauke shi a kWh 2 a wuni. Gidanka na son 7.4, pano 4 ke nan. Shi ke nan maganar pano ta ƙare, ba ta da wani tsawo.

Inda nake son mu daɗe shi ne yadda za a rage wancan 5.8 na dare, don nan kuɗinka suke. In ka bar gidan yadda yake, batirin jel na 200Ah sai ka sayi 6, tunda ondilar mai bolt 24 bibbiyu take ɗauka kuma 4 ba su kai ba, ko litiyom na kWh 5 guda biyu tunda ɗaya ya ɗan gaza. Kuɗi ne masu nauyi ga mai albashi. Amma duba nan. Akwai fanka masu sabon mota da ake ce wa BLDC, da kuma na tsaye masu aiki da wutar DC irin ta batiri, wat 30 haka suke ja maimakon 70. Ka canza huɗun nan, darenka ya sauko daga 2800 zuwa 1200. Kuɗin fanka huɗu bai kai na ƙarin batura ba ko kusa, kuma fanka ba ta mutuwa duk shekara biyu. Na biyu kongelatar. Ka sa mata ƴar minitri, agogon nan da ake sokawa a priz, ta tashi ƙarfe 8 na safe ta mutu ƙarfe 6 na yamma, ta sha wutarta kai tsaye daga rana ba ta taɓa batiri ba. In cike take da ƙanƙara, robar murfinta na da kyau, kuma ba a buɗe ta kowane lokaci, sanyinta zai kai safe. Sai dai ku yi shawara da uwargida tukuna, sana'arta ce, ta riƙa zuba ruwan ƙanƙara da safe ba da dare ba, kuma in ana ajiye nama ko maganin da ke son sanyi a ciki to a fara gwadawa kwana biyu uku a gani kafin a dogara. Da waɗannan biyun darenka ya koma Wh 2180, ka ƙara abin da ondilar ke ci, kamar kWh 3. Daga 5.8 zuwa 3, kuma ba wanda ya kwana cikin zafi. Yanzu litiyom ɗaya na kWh 5 ya ishe ka har da saura don ranar hadari. Jimlar wuni kuma ta sauko kusan kWh 5, pano 3 ma sun isa, amma ka sa 4 ɗin, pano shi ne mai araha cikin kayan kuma shi ke daɗewa, masu kyau garantin ƙarfinsu shekara 25 ne, kuma batirin da ke cika da wuri kullum shi ke tsawon rai.

Guga, injin markaɗe, sa ruwan zafi da wuta, jan ruwa zuwa tanki, duk a maida su tsakanin ƙarfe 10 na safe da 3 na rana. Abin guga kaɗai wat 1000 ne zuwa sama. Wannan sai an zauna da mutanen gida an yi musu bayani, har yara, don gidaje da yawa ba kaya ne sunka gaza ba, wani ne ya soka abin guga bayan isha'i.

Kilim kuwa Mushe, ka yi haƙuri da abin da zan ce. Kilim mai sheval ɗaya da rabi na gargajiya tana jan wat 1100 zuwa 1200, a daren bazara motarta kusan ba ta hutawa, awa 8 za ta sha kWh 8 zuwa 9. Ɗaki ɗaya ya fi gidan gaba ɗaya ke nan. Kilim masu fasahar inbata, masu rage gudun motarsu maimakon tsayawa da tashi, sun fi sauƙin ci ƙwarai, amma duk da haka sai ka ƙara litiyom da pano 3 ko 4 da ondilar babba. Ba haramun ba ne, ana yi, na haɗa wa mutane, amma aiki ne na biyu da kuɗinsa daban. In rana kaɗai za ka kunna ta, lokacin hutun azahar, wannan da sauƙi, ƙarin pano ne kawai. In kuma daren ne, ka fara duba imidifikatar, mai sanyaya iska da ruwa, wat 100 zuwa 200 take ja kuma iskar Adar busasshiya ce daga Maris zuwa Mayu, tana aiki sosai. Da damina ta kawo jiki iska ta yi danshi amfaninta ya ragu, amma lokacin mafi tsananin zafin ya wuce.

Ondilar: ka haɗa duk abin da zai iya kunnuwa lokaci ɗaya, a gidanka bai kai wat 700 ba, amma motar kongelatar lokacin tashi tana fizgar ninki 3 har zuwa 7 na ƴan daƙiƙu, ga abin guga da rana. Ka ɗauki ta 3 kVA mai bolt 24, pir sinis, wato mai fidda wuta irin ta NIGELEC, kar ka yarda da mai arahar nan da ke sa fanka gurnani tana ƙona motar firigo. Ka nemi ibrid, wadda regilatar MPPT ke cikinta kuma tana karɓar wutar NIGELEC, in kuran ya zo ta yi caji da shi in rana ta gaza. In ka tabbata kilim na nan tafe to tun yanzu ka ɗauki 5 kVA mai bolt 48 da batirin da ya dace da ita, kar ka saya sau biyu. Regilatar PWM ƙaramar nan kar a haɗa maka ita da pano na 550, panon na aiki wajen bolt 41, ita kuma za ta jawo shi ƙasa daidai da batiri, kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa ya zube. Kuma mai haɗin ya duba iyakar bolt da ondilar ke karɓa, pano 4 a jere suna kai bolt 200 in ba kaya a kansu, da sanyin safiyar hunturu ma ya ɗan haura, wasu ondilar na son haka, wasu kuma iyakarsu 100 ko 145, in anka yi kuskure nan take take ƙonewa.

Sai kuɗi. Farashi na motsi ƙwarai, tun 2023 da anka rufe iyaka da Benin kayan da ke zuwa ta Kwatano sunka koma zagayowa ta Lome da Burkina, na Kano da Sakkwato da ke shigowa ta Ƙonni kuma suna bin hawa da saukar naira. Don haka lambobin da zan sa misali ne na koyon lissafi, ka goge su ka sa waɗanda anka rubuta maka a debi. Mu ce pano ɗaya jikka 75, huɗu 300. Mu ce ondilar 250. Litiyom na kWh 5 mu ce 750. Waya, dizonktar mai yanke wuta, parafudar mai kare kaya daga tsawa, sandar ƙasa da sipor na ƙarfe da ake ɗora pano a kai mu ce 200. Kuɗin aiki 100. Jimla jikka 1600, miliyan ɗaya da jikka 600 na sefa. Ko lambobin sun canza siffar ba ta canzawa: batiri kusan rabi, pano bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. In ka ga debi da babu layin waya da kariya da sipor a ciki, ba araha anka yi maka ba, an cire su ne, ko dai ka biya daga baya ko a yi maka aiki babu su.

Mai shago zai ce maka jel ya fi sauƙi, mu ce ɗaya jikka 160, huɗu 640, ƙasa da 750. Ranar saye gaskiya ya faɗa. Amma batirin dalma zafi ne ajalinsa, duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 sama da 25 yana raba ransa biyu, kuma ka san yadda ɗakunanmu suke a watan Mayu. Abin da nake gani a gidajen da nake zagayawa, jel da ake sha kowane dare in ya yi shekara biyu ya yi ƙoƙari. Jel 4 suna ba ka kWh 4.8 a dare, sau kwana 700, kWh 3360, ka raba 640,000 da shi, kowane kWh ya tsaya maka sefa 190. Litiyom irin LiFePO4 ana iya ɗibar kashi 80 zuwa 90 na cikinsa, kuma masu kyau ana rubuta musu caji 3000 zuwa 6000. Mu ɗauki na ƙasa, kWh 4 sau 3000, 12,000, ka raba 750,000, sefa 63 haka. Ninki uku ke tsakaninsu. Araha ba ta ado. In kuɗin litiyom bai samu ba yanzu, ni na fi son ka ɗauki batirin ruwa mai dogon jiki, wanda ake ce wa tubila, ya fi jel jure zafi, sharaɗin ka riƙa duba ruwansa duk wata kana ƙara ruwan batiri tatacce, ba na famfo ba, kuma a ajiye shi inda iska ke shiga don yana fidda gas. Kar kuma ka ce bari in sayi biyu bana in ƙara biyu baɗi, tsoho zai jawo sabo ƙasa.

Ko wane iri ka saya, wurin ajiyarsa rabin ransa ne. Na shiga wani gida na tarar an zuba batura 4 sababbi cikin ɗan shagon tol da ke fuskantar yamma, ba taga, wata 8 duk sun kumbura kamar burodi, mai gidan har hawaye ya yi don bashi ya ci ya saye su. Ɗaki mafi sanyi a gidan, wanda rana ba ta dukan bangonsa da yamma, a ɗora su kan katako ko ƙarfe, nan ne wurinsu. Litiyom ma ba ya son zafi, kar a ce maka shi ba ruwansa.

Jabu kuwa ya yi yawa, kuma takardar da ake mannawa ba ta da wuyar bugawa, har sunan manyan kamfanoni irin Jinko, Longi, JA Solar da Trina ana liƙa wa kayan da ba nasu ba. Ka tafi kasuwa da mita ta awo. Pano na zamani yana ba da wat 200 zuwa 220 a kowane murabba'in mita, na 550 tsawonsa wajen mita 2.28 ne faɗinsa 1.13, nauyinsa kilo 27 haka. In ka ga pano da bai wuce tabarmar salla ba an rubuta wat 400, ka wuce abinka. Batirin jel na 200Ah na gaskiya kilo 55 zuwa 65 ne, mutum ɗaya ba ya ɗaga shi da sauƙi, ka ce a ɗora maka shi a sikeli, in ya tsaya 35 ko 40 dalmar ba ta cika ba. Litiyom kuma ka nemi mai allo ko mai haɗuwa da tarho da ke nuna yawan cajin da ya yi, don akwai waɗanda da tsofaffin ƙwayoyi anka haɗa su. Kuma garanti a rubuce da hatimin shago da lambar kayan, ba na fatar baki ba.

Waya ma haka. Wat 3000 a bolt 24 amper 125 ne, tsakanin batiri da ondilar sai mai kaurin 35mm², gajera, ta jan ƙarfe zalla. Ka kankare bakinta da wuƙa, in ka ga fari a ciki sanholo ne anka shafa wa ja, tana zafi, tana iya tada gobara. Daga pano a sa wayar solar ta 4 ko 6mm² mai jure rana. Fiz ko dizonktar na DC kusa da batiri dole ne, na AC, irin na wutar gida, ba ya maye gurbinsa. Sandar ƙasa kuma a kafa ta da zurfi inda ke samun laima, don ƙasarmu busasshiya ce.

Wajen kafawa, pano ya kalli kudu, a karkace kamar digiri 15, Tawa tana wajen digiri 15 ne arewa da tsakiyar duniya, karkacewar kuma na taimaka wa ruwan sama ya wanke shi. A bar tazarar taƙi ɗaya tsakaninsa da tol don iska ta ratsa. Kar inuwar bedi ko tankin ruwa ko eriya ta taɓa ko gefen guda ɗaya, tunda a jere suke, ɗaya in ya rage duka sun rage. Sipor a ɗaure shi da ƙusa mai noti a jikin ƙarfe ko katakon rufi, ba a jikin tol kaɗai ba, ka san iskar da ke gaban hadarin farko a watan Yuni, tana ɗauke rufi ma balle pano. Wanki kuma da sassafe ko bayan magariba, ruwa bokiti ɗaya da tsumma mai laushi, sau ɗaya a sati, lokacin hazo sau biyu. Kar a watsa masa ruwa tsakar rana gilashin na da zafi.

Wata gaskiya da ya kamata in gaya maka tunda kana da kontar NIGELEC: kar ka shiga wannan da tunanin za ka fi NIGELEC araha nan da nan. A misalinmu, miliyan 1.6 in ka raba da kWh 5 a wuni na shekara 8, wato 14,600, ya kama sefa 110 kowane kWh. Ɗauko faktir ɗinka ka raba kuɗin da kWh ɗin da ka sha ka gwada da wannan. Abin da kake saye shi ne wutar da ba ta yankewa. Mu da Maraɗi da Damagaram layin da ke zuwa daga Katsina ne ke ciyar da mu, kuma kowa ya tuna halin da anka shiga daga Agusta 2023 da Nijeriya ta yanke wuta har zuwa Maris 2024. Wanda ya kamata ka gwada solar da shi grup ne, wato janareto. Isans, wato fetur, a Yuli 2024 anka maida shi sefa 499 lita, mu ce dala ɗari, ƙaramin grup in yana shan lita ɗaya a awa, awa 6 a dare jikka 3 ne, jikka 90 a wata, ban da bidanj da gyara da ƙara da hayaƙi. Ga kuma ƙanƙarar uwargida da ke narkewa duk ranar da kuran ya wuni bai zo ba, ita ma ka tambaye ta nawa take asara, ka sa cikin lissafi.

In delestaj, wato yankewar wuta, a unguwarku awa 3 ko 4 ne ba dare duka ba, batirin ma zai iya zama ƙarami fiye da wanda na faɗa, na kWh 2.5 ya isa, sai kuɗin su sauko sosai. Wannan kai ka san unguwarku.

Abin da nake so ka yi kafin ka ba kowa ko dala: kwana uku a jere, ranakun da kuran ya zauna, ka rubuta lambar kontar ƙarfe 6 na yamma, ka sake rubutawa ƙarfe 8 na safe, ka kuma rubutawa 6 na yamma. Bambancin farko shi ne darenka, na biyu shi ne ranarka. In ba cikin zafi ka auna ba ka ƙara awannin fanka da hannu yadda munka yi a sama. Ka ɗauki hoton takardar bayan kongelatar da ta fanka ɗaya, ka karɓo debi daga shago biyu ko uku kowane kaya da layinsa da sunan kamfaninsa, ka turo mini in duba maka su in sha Allahu. A gaida uwargida da yara.